Idan Wuta Ta Buge Talabijin: Yadda Nake Bin Bod Ɗin Wuta Daga Filogi Zuwa Ciki

Daga watan Mayu, da zarar hadarin farko ya haɗo da iskar nan tasa mai kayar da turakun lantarki, shagunanmu na masu gyara a kewayen Wunti a Bauchi sai su cika da talabijin. Duk wanda ya shigo zancensa ɗaya: an kawo wuta, an ji fat, shi ke nan, ko jar fitilar gaba ba ta ƙara kamawa ba. Kuma tun daga gida ya riga ya yanke hukunci, wai fiyus ne kawai. Fiyus kam ya ƙone, ba a musu, sai dai fiyus ba ya ƙonewa haka siddan. Akwai abin da ya mutu a bayansa ya ja wutar da ta fi ƙarfinsa. Ka sa sabo ka jona ba tare da ka gano wannan abin ba, fat ɗin da za ka ji na biyu ya fi na farko tsada, kuma wannan karon daga aljihunka za a biya.

Da yaran da ke koyon aiki nake, waɗanda suka iya riƙe ayon, suka san karatun mita. Wanda bai taɓa buɗe bayan talabijin ba ya karanta don ya san abin da mai gyara ke yi masa, amma kada ya sa hannu. A ciki akwai wurin da ke riƙe bolt sama da 300 ko bayan an zare filogi.

Tambaya kafin sukundireba

Ban kwance ko noti ɗaya sai na tambayi mai kaya. Me kuma ya ƙone a gidan? Maƙwabta fa? An yi tsawa? Wutar layi ce ko ta janareta? Amsarsa ce ke nuna min inda zan fara, domin wutar da ke kashe talabijin a garin nan kowace da irin tabon da take bari.

Wadda ta fi yi mana ɓarna ita ce ta tsinkewar wayar nutural. Taransifomar unguwa tana sauke wuta daga bolt 11,000 zuwa layi uku da nutural ɗaya. Tsakanin kowane layi da nutural bolt 230 ne, shi ke shiga gidanka. Tsakanin layi da layi kuwa 400 zuwa 415. In iska ta tsinke nutural, ko ɓarayin tagulla suka yanke ta a gindin taransifoma, ko wani ya hau turke zai canza layi ya haɗa ba daidai ba, sai ma'aunin ya ɓace. Wannan gida ƙwai ya dushe ya yi ja, na kusa da shi kuma wuta ta haura 300 ta doshi 400. Kuma ba ta zo ta wuce ba ce, tana nan har sai an kashe layin.

Wata Hajiya daga Fadaman Mada ta kawo min inci 43 a keke napep, an naɗe shi da zanin gado. Ta ce, "Malam, ni dai na ga fanka na wani irin gudu, ƙwan tsakar gida ya tarwatse, kafin in kai hannu soket har ɗakin ya ɗauki ƙauri." Na ce, "Hajiya, kafin mu yi zancen gyara, ki aika a gaya wa maƙwabta kada kowa ya jona komai sai an auna wutar layin nan." Bayaninta ya gama gaya min abin da zan tarar: MOV, ɗan faifan da ke tare wuta in ta wuce iyaka, ya ƙone, kuma wataƙila babbar kafasita mai ajiye caji ta kumbura. Haka kuwa na tarar.

Ta biyu tsawa. Ita ko ƙiftawar ido ba ta kaiwa, amma da dubban bolt take zuwa, kuma ba lallai ta bi ta soket ba. Sau da yawa ta wayar dish take gangarowa, ta shiga dikoda, ta bi wayar HDMI ta faɗa babban bod, wato mai sarrafa hoto da sauti. Saboda haka in mai kaya ya ce an yi tsawa kuma dikodarsa ma ta mutu, kada ka ɓata yini kana tonon bod ɗin wuta. Mai yiwuwa shi lafiyarsa ƙalau.

Ta uku janareta, musamman wanda AVR ɗinsa, wato abin da ke daidaita wutarsa, ya lalace, ko ƙananan nan na shaguna. In mai ya kusa ƙarewa injin ya shiga sama da ƙasa, ko aka kashe babban kaya irin injin ruwa farat ɗaya, wutar kan yi tsalle. A abin da nake gani, irin wannan ya fi cin MOSFET, makunnin lantarkin da ke tsakiyar bod ɗin wuta, da IC ɗin da ke tuƙa shi, ya bar kayan bakin ƙofa, wato waɗanda wuta ke fara ratsawa, ba ko tabo.

Akwai kuma ranar da ake ɗora wa wuta laifi alhali ba ruwanta. Tsaka na son ɗumin bayan talabijin, kyankyaso ma haka. Ka buɗe ka tarar da ita a bushe, kai a kan wannan ƙafa, wutsiya a kan waccan.

Sauke cajin kafin komai

Kwantar da talabijin ruf da ciki a kan bargo, bisa teburin da ya ishe shi faɗi. Gilashin LED ba ya son a danne shi ko a murɗa. Ɗauki hoton bod ɗin da wayarka kafin ka zare ko waya ɗaya. Cire zoben azurfa da agogo. Ka sa takalmin roba, ka taka busasshen katako, ba simintin damina mai laima ba. In daga alwala ka dawo, goge hannu ya bushe sarai.

Duba bod ɗin, za ka ga farin layi ya raba shi biyu, gefe ɗaya an rubuta HOT, ɗayan COLD. Gefen HOT haɗe yake da wutar soket, shi ne mai kisa. Kowane gefe da inda ake dafa baƙar wayar mita: a HOT, ƙafar babbar kafasita mai alamar ragi, a COLD, ƙarfen jikin talabijin ko wajen notin da ke ɗaure bod. Ka cakuɗa su, mita ta yi ta ba ka lambobin da ba su da kan gado.

Babbar kafasitar nan mai rubutun 450V ita ke ajiye caji. Wutar 230 in ta ratsa birij, wato dayod huɗun da ke juya ta, ta zama DC tana kaiwa wajen 325, domin ana ninka ta da 1.41. Manyan talabijin masu sashen PFC kuwa suna ɗaga ta zuwa 380 ko 400. Kuma lokacin da bod ya mutu ne ta fi daɗewa da cajinta, tunda babu mai shan sa. Auna ta. In akwai caji, ɗauko rizista mai kilo-om 10, wat 5, wadda ka riga ka haɗa wa wayoyi masu rufi, ka dafa ƙafafun biyu na daƙiƙa goma, ka sake aunawa har ka ga ya faɗi ƙasa da bolt 10. Masu haɗe ƙafafun da bakin sukundireba don su ji tas, wannan ba gwaninta ba ce. Yana cinye layin tagulla, yana raunana kafasitar, wani lokaci har ya kashe abin da wutar ta bari da rai.

Kayan bakin ƙofa

Hanci da ido su ke fara aiki kafin mita. Shinshina. Juya bod ɗin ka haska bayansa da tocila. Nemi baƙin hayaƙi, layin da ya ɗago, IC mai ɗan rami ko tsaga a bayansa. Daga nan ka bi wutar yadda ta shigo, daga inda wayar filogi ta sauka, ɗaya bayan ɗaya, kada ka tsallake.

Fiyus shi ma yana ba da labari. In na gilashi ne ka ga cikinsa tas, ɗan zaren ne kawai ya rabu, abin bai yi tsanani ba. In cikin ya yi baƙi ƙirin, akwai shot mai ƙarfi a gaba, wato wuta ta samu gajeriyar hanyar da ba tata ba. Karanta jikinsa, za ka ga irin su T3.15A 250V ko T5A. Wannan T ɗin na nufin mai jinkiri ne, yana jure fizgar farko da kafasita ke yi in an jona. Ka sa marar T, zai riƙa ƙonewa ba dalili. Amma kada ka sa sabon tukuna, bar gurbin haka, za mu yi amfani da shi. Zancen naɗa zaren waya a gurbin fiyus kuwa, duk yaron da na kama da shi a shagona ranar ba zai ƙara taɓa ayon ba. Talabijin na kwana a ɗakin da yara ke barci.

Bayan fiyus sai MOV, ɗan faifai shuɗi ko rawaya, wani sa'in an sa masa baƙar rigar roba, yana tsaye tsakanin layi da nutural. Shi mai gadin gidan ne: muddin wuta na daidai ba ruwansa da kowa, in ta wuce iyaka sai ya tare ta da jikinsa, fiyus ya yanke, na ciki su tsira. Lambar da ka fi gani 14D471K ko 10D471K. Sha huɗu ko goman faɗinsa ne a milimita, 471 kuwa bolt 470, kuma yana jure wutar AC har 300 ba tare da ya motsa ba. An yi shi don bugun da ke zuwa ya wuce nan take. In nutural ta tsinke wuta ta zauna a 380, zafi yake yi har ya tsage. Na Hajiyar nan da na yanke rigarsa da reza, faifan ya rabe biyu, gari na zuba, ƙafa ɗaya ta narke, hayaƙin ya shafe kusurwar bod ɗin gaba ɗaya. Mai lafiya mita ba ta karanta komai a kansa, OL za ta nuna, wato babu hanya. Ta nuna om ko kaɗan ne, cire shi.

A nan wasu ke ha'inci. Talabijin na aiki lafiya lau ba MOV, don haka sai su cire ƙonannen su sa fiyus su karɓi kuɗi. Mai kaya ya tafi yana godiya, bai san an bar shi a buɗe ba. Mayar da irinsa. In ba ka samu 471 ba, 561 zai yi. Kada ka ciro 241 ko 271 daga tsohon bod ka sa, waɗannan na ƙasashe masu wutar 120 ne irin Amurka, kana jonawa za su tashi. Af, tunda zancen ya zo: talabijin na hannu da ake shigowa da su, karanta takardar bayansu. In an rubuta 120V kaɗai, ba wata wuta mai ƙarfi da ta buge shi, wutarmu ta yau da kullum ce ta fi ƙarfinsa.

Baƙin da ƙuna ta bari a jikin bod gawayi ne, kuma wutar lantarki na bi ta jikin gawayi. Kankare shi da wuƙa har ka kai ga lafiyayyen wuri, ko da zai bar rami, ka wanke da sifirit da tsohon buroshin haƙori. Layin da ya tsinke ka haɗa shi da wayar tagulla mai kauri, kada ka dogara da dalma kaɗai.

Kafasita mai kama da akwati, mai rubutun X2 275V, kada ta nuna shot. Nannaɗen waya mai ƙafa huɗu, kowane ɓangare ya nuna kusan sifili. Sai NTC, shi ma faifai ne, baƙi ko kore, yara na rikita shi da MOV. Shi a kan hanyar wutar yake, kuma mai lafiya ƙaramin om yake nunawa. Mai lamba 5D-9 wajen om 5 in yana sanyi. Ya tsage ko ya nuna OL, canza.

Birij dayod huɗu ne a jiki ɗaya, irin su GBU406, ko kuma huɗun a warwatse. Juya mita wajen alamar dayod. Kowanne ya nuna tsakanin 0.45 da 0.6 ta gefe ɗaya, ta ɗaya gefen OL. Ɗaya ya yi shot, canza duka huɗun, sauran ma sun sha wahala.

Ita babbar kafasita lissafinta a fili yake: wutar 400 in ta zama DC ta haura 560, ita kuwa 450 aka rubuta mata, a masu araha ma 400. Duba kanta ko ya kumbura, gindinta ko ya yi tsatsa ko danshi. Mayar da mai µF daidai da nata, 450V, mai jure zafin digiri 105. Ka kula da ƙafafun. Ka juya ta, fashewa za ta yi a fuskarka.

In MOSFET ya mutu, ba shi kaɗai ya tafi ba

A nan gizo ke saƙa. Dafa mita a ƙafafun babbar kafasita bayan ka sauke caji. In ta yi kuka ba tsayawa alhali birij lafiya, je ka kan MOSFET ɗin da ke manne da alminiyon sanyaya, irin su 7N65 ko 10N60. Ka fuskanci rubutunsa, ƙafafun daga hagu G, D, S. Mai lafiya zai nuna wajen 0.5 in jar waya na kan S baƙa na kan D, ka juya ya nuna OL. Matacce ko'ina ka taɓa kuka yake.

Abin da yara ba sa tsayawa su yi tunani a kai shi ne inda wutar ta bi bayan MOSFET ya narke a ciki. Bolt 325 da ke kan D sun samu hanya biyu. Ta S sun bi ta kan rizistar auna ƙarfin wuta, ƙarama ce, yawanci tsakanin om 0.2 da 0.6, ta ƙone ta buɗe. Ta G kuma sun bi rizistar om 10 zuwa 47 da ɗan dayod 1N4148 da ke gefenta, sun faɗa cikin IC ɗin da ke tuƙa MOSFET ɗin. IC kuwa da bolt goma sha wani abu yake aiki. Ko bai fashe a ido ba, ya tafi. Ka sa sabon MOSFET a kan mataccen IC, zai buɗe shi gaba ɗaya ya bar shi a buɗe, kan ka ce kwabo sabon ya bi tsohon.

Saboda haka ƙa'idata: G ya yi shot da D, to MOSFET, da IC, da rizistar S, da rizistar G, da ɗan dayod, da zena in akwai, duk tare suke fita. IC ɗin sau da yawa ɗan mitsitsi ne mai ƙafa shida a bayan bod, irin OB2263 ko LD7535. In lambar ta ƙone ba ta karantuwa, nemi wani bod irinsa ka duba, kada ka yi canke. Wasu bod ɗin kuma MOSFET da IC a jiki ɗaya suke, kamar TNY268, wannan ya rage maka aiki.

Kafin ka auna rizistar S, haɗa bakin wayoyin mitarka ka ga abin da suke nunawa su kaɗai, sau da yawa 0.2 ko 0.3 ne, sai ka cire shi daga lissafi. Kuma kada ka ce tunda ƙarama ce bari in sa waya. Da ita IC ke sanin wuta ta yi yawa ya ja baya.

Sauran abubuwa biyu a wannan gefe. Kusa da taransifomar bod akwai dayod da rizista da shuɗiyar kafasita mai 1kV, su ke shanye tsallen wutar da taransifoma ke maidowa. Dayod ɗin mai sauri ne, FR107 ko UF4007; 1N4007 kamanninsu ɗaya amma ba aikinsa ba ne. Sai 'yar kafasitar da ke ciyar da IC, µF 10 zuwa 47, 50V. Ni ban ma auna ta, canza ta nake yi. Zafin Maris da Afrilu na Bauchi busar da ita yake, kuma ita ke sa talabijin ya ƙi tashi sai an yi ta jonawa ana zarewa. In komai lafiya, akwai 325 a kan kafasita amma IC bai samun ko bolt ɗaya, duba manyan rizistocin tayarwa masu ɗaruruwan kilo-om da suka gangaro daga babbar wuta. Suna buɗewa ba tare da sun canza launi ba.

Wajen saye ka buɗe ido. Kasuwa ta cika da MOSFET da aka goge aka sake wa lamba. Araha ba ta ado. Na fi yarda da wanda na ciro daga bod ɗin talabijin da gilashinsa ya fashe a kan sabo mai ƙyalli da ban san asalinsa ba, shi ya sa ban barin 'yan jari bola su wuce da irin waɗannan. In na asalin jikinsa duk roba ne, sabon kuma bayansa ƙarfe, sai ka sa takardar maika tsakaninsa da alminiyon, in ba haka ba alminiyon duka ya ɗauki wutar lantarki. Kada ka manta da farin man sanyaya.

Ƙwai a gurbin fiyus

Duk abin da na faɗa a baya, in ka tsallake wannan, caca ka yi. Samo ƙwan lantarki na da, mai zare a ciki, wat 60 ga inci 32 zuwa ƙasa, wat 100 ga manya. Na LED da mai tsimin wuta ba sa wannan aiki. Masu zaren sun fara wuya a kasuwa, duk inda ka gani saya ka ɓoye. Haɗa wayoyinsa biyu a gurbin fiyus, ta yadda duk wutar da za ta shiga bod sai ta ratsa ta cikinsa. Zare wayar da ta tafi babban bod, ka ɗora bod ɗin wuta a kan busasshen katako, ka jona, idonka na kan ƙwan.

Ya yi wal sau ɗaya ya mutu: kafasita ce ta sha cajinta, babu shot, alhamdu lillahi. Ya kama da haske ya tsaya: har yanzu akwai shot, zare ka koma nema, kuma ba abin da ya ƙone, ƙwan ya shanye wutar. Bai yi ko wal ba: hanya a yanke take, koma kan NTC da nannaɗen waya da layukan tagulla. Yana kamawa yana mutuwa a jere: bod na ƙoƙarin tashi wani abu na danne shi, galibi a gefen COLD. Sai dai manya masu PFC kan yi hakan in ƙwan ya yi musu ƙanƙanta, gwada wat 200 kafin ka zargi bod.

In ƙwan ya nuna lafiya, auna kafasita ka ga 300 zuwa 325, gwargwadon wutar da aka kawo ranar. Hannu ɗaya kawai, ɗayan a aljihu. Sannan koma COLD ka nemi wutar sitanbai, wadda ke nan ko talabijin na kashe da rimot. Bod ɗin da kansa ya rubuta sunan kowace ƙafa a gefen soket ɗinsa: 5V a yawanci, 3.5V a LG da dama, 13V a Samsung na baya-bayan nan. Ta fito ta tsaya cak, rabin aiki ya ƙare. Don tayar da sauran, haɗa rizistar kilo-om 1 daga 5V zuwa ƙafar PS-ON, sai 12V ko 24V su bayyana, PFC ya hau 390. Yawancin Samsung na LED ba sa buƙatar haka, kana zare wayar babban bod fitilun bayan gilashi ke kamawa da kansu.

In sitanbai na rawa ko babu ita sam, auna dayod ɗin fita, irin MBR20100, mai lafiya 0.15 zuwa 0.3 yake nunawa. Ɗaga ƙafa ɗaya kafin ka yanke masa hukunci. Duba kafasitocin fita ko sun kumbura. Sai ofto PC817 mai ƙafa huɗu, mai kai saƙo daga COLD zuwa HOT, da ya haye farin layin, da TL431 wanda dole ka samu 2.5 a ƙafarsa ta ma'auni. Ba su da tsada, in MOSFET ya yi mummunar mutuwa ina canza ofto ɗin ko bai nuna komai ba.

Yanzu mayar da wayar babban bod. Sitanbai ta faɗi kana jonawa? To laifin ba na bod ɗin wuta ba ne, shot ɗin na babban bod ne, kuma in an yi zancen tsawa fara daga wajen HDMI da ƙananan IC masu rage wuta. Ta tsaya, jar fitila ta kama? Zare filogi, sauke caji, cire ƙwan, sa fiyus na gaskiya. Da ƙwai a hanya fitilun gilashi ba za su samu isasshiyar wuta ba, kada ka tsaya jiran hoto. Bar shi ya yi aiki awa biyu ko uku, ka kashe, ka sauke caji, ka taɓa alminiyon. Ɗumi ba laifi. In ba ka iya barin yatsa a kai, akwai saura.

Inda gyara ba ya biya

Wani bod ɗin kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu: ƙuna ta huda shi, taransifomar ta narke, ko PFC da babban sashe duk sun tafi tare. Nemi lambar da ke kan farar takardar jikinsa, na Samsung da BN44 take farawa, na LG da EAY ko EAX. Tura hoton ta WhatsApp ga dilolin Sabon Gari a Kano ko Alaba a Legas, su sa maka a mota. Inci ɗaya da kamfani ɗaya ba ya nufin bod ɗaya. Gwada lambar harafi da harafi, ka kuma duba bolt da miliamfiya na fitilun gilashi da aka rubuta a jiki. In na sabon ya fi, fitilun za su yi haske mai kyau na ɗan lokaci sannan su ƙone.

Ƙananan talabijin masu araha da aka haɗe bod ɗin wuta da babban bod wuri ɗaya, matakan duk ɗaya ne, sai dai wurin a matse yake. Akwai ɗan bod na gama-gari, CA-888, da ake liƙawa a maye gurbin MOSFET da IC. Yana fitar da mutum kunya a ƙananan inci in an rasa IC na asali, amma ni ban sa shi a babban talabijin, kuma in na sa sai na gaya wa mai kaya.

Ranar karɓa kusan kowa tambayarsa ɗaya: "Malam, in sayi sitabilaiza?" Karanta masa bayan talabijin ɗinsa. Yawancin na yanzu an rubuta 100 zuwa 240V, wato ƙarancin wutar da ake fama da shi a unguwanni bai cika damun su ba. Yawanta ne ke kisa, kuma ƙaramar sitabilaiza mai rile ba ta da saurin tare tsawa, in wuta ta kai 400 ita ma ƙonewa take. Abin da ya fi masa amfani ɗan gad ɗin nan na soket, mai yanke wuta in ta haura wajen 260, ya kuma yi jinkiri kafin ya saki in an dawo da ita. Dikoda ma a jona ta bayansa. Mai janareta ya bari injin ya daidaita kafin ya juya wuta, ya kuma kashe talabijin kafin ya kashe injin. In hadari ya taso da walƙiya, kashewa da rimot ko makunnin bango bai wadatar ba: a zare filogi, a kwance wayar dish daga bayan dikoda. Wanda kuma nutural ce ta tsinke a layinsu, ina ba shi talabijin ɗin ne da sharaɗin mai aikin lantarki ya auna soket ɗin gidan da mita, ya ga 220 zuwa 240 ta zauna, kafin a jona.